Kwana Huɗun da Orla Ta Makara

Kilderry,
Gundumar Roscommon,
Lahadi, 30 ga Afrilu, 2017.

Zuwa ga Yayana Fintan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka baki ɗaya. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargidanka Noreen, da ɗanku Declan da matarsa, da sabuwar baƙuwarmu Maeve. Allah ya raya ta, ya sa mata albarka, ya ba ka tsawon ran da za ka ga bikinta. Hoton da kuka aiko ya iso lafiya. Mama ta sa an jingina shi da agogon kicin, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa, ta ce hancin gidanmu na Tierney ne sak, Allah ya ba yarinyar haƙuri.

Mu ma nan lafiya lau, sai ruwan sama, wanda ba sai na ba ka labarinsa ba. Tumakin maigidana Gerry sun gama haihuwa, biyu kawai muka rasa, akwai kuma maraya guda da ke kwana cikin kwali kusa da murhu yana shan madara a kwalba kamar ɗan mutum. Gwiwar Gerry tana damunsa, amma ya ƙi zuwa asibiti, wai likita zai hana shi hawa tarakta. Mama tana nan yadda ka bar ta bara. Ƙafa ta ƙi, ido ya ragu, baki kuwa bai san an tsufa ba. Tana gaishe ka, tana kuma tambaya ko Boston babu wanzamai ne, don ta ga gashinka a hoton.

Takardar haihuwarka da ka ce in nemo tana cikin wannan ambulan, ranar Laraba na karɓo ta. Da ita Declan zai yi wa Maeve rajista ta samu fasfon Ireland ta hanyar kakanta, kuma na yi murna da hakan har cikin raina. Na fara da wannan ne don kada ka zaci ina riƙe da ita sai ka biya mini wata buƙata. Taka ce, ga ta nan. Amma ina da roƙo, Yaya, kuma mai nauyi ne. Sau biyu ina ɗaukar waya in kira ka ina ajiyewa, don na san in na ji muryarka zan ɓige da maganar tumaki. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi da ni.

Ka san Cleide, mutumiyar Brazil da ke kula da Mama shekara shida ke nan. Ita ke yi mata wanka, ita ke yanke mata farce, ita kaɗai Mama ke yarda ta taɓa mata kai. Ita ce ta dafa maka shinkafa da baƙin wake bara ka ci har ka sassauta bel. Ka san 'yarta Orla kuma, wadda ta busa maka sarewa a kicin ka yi hawaye ka ce hayaƙin murhu ne. Bana tana ajina, aji shida. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa samun kunne irin nata ba. Sau ɗaya za ta ji waƙa ta ɗauke. A harshen Irish ma ta fi 'ya'yan waɗanda ke cika baki da shi. Aibinta guda, makara. Ba ta taɓa shiga aji kafin ƙararrawa ba. Cleide takan yi dariya ta ce tun daga ciki ta fara, domin likita ya ce za ta zo kafin Kirsimeti, ita kuwa ta yi zamanta sai huɗu ga Janairun 2005. Da mun sha dariyar wannan zance. Yanzu babu mai dariyarsa.

Cleide da mijinta sun zo a 2003 da izinin aiki a mayankar nan ta bakin gari. Da mayankar ta rufe, izinin ya mutu tare da ita. Bayan shekara guda mijin ya faɗi a gona, zuciya, kabarinsa layi biyu ne tsakaninsa da na Baba. Ita kuwa ta ci gaba da zama, tana aiki gida gida. Ni ban taɓa tambayar kaina a kan wane izini take zaune ba. Kullum tana kicin ɗina, 'yarta tana gabana a aji, an haife ta a asibitin gunduma, a ɗakin da aka haife ka aka haife ni. Me zan tambaya?

Ka san garin nan na Brittany a Faransa da muke ƙawance da shi, bana mu ne za mu je musu, a watan Yuni, da yara goma sha biyu masu kiɗa. Sunan Orla na fara rubutawa. Cikin Oktoba na ce kowa ya kawo fasfonsa, duk suka kawo sai ita. Da na tambayi Cleide, sai ta ce Orla ba ta son jirgin ruwa, amai take yi. Na ce yarinyar da ba ta taɓa hawa jirgi ba, yaya aka yi aka san tana amai? Ta ce to ai akwai Mama, wa zai duba ta. Na ce ai ba ke za ki tafi ba. Ka san halina in na sa abu a gaba, musamman in na ga yaro zai rasa wata dama. Na karɓo fom, na cike da hannuna, na kai Orla aka ɗauke ta hoto, na gaya wa Cleide ta kwantar da hankalinta, ni malama ce, na san yadda ake waɗannan abubuwa. Ta dube ni ta sa hannu. A gidana take aiki, ni ce malamar 'yarta, ta ina za ta fara ce mini a'a?

Fom ɗin yana buƙatar hatimin 'yan sanda, sai na ja ta muka tafi wurin Malachy Cuddy, abokin karatunka, wanda yanzu shi ne sajan. Yaya, wannan ranar ita ce nake ta juyawa a kaina. Ya karɓi takardar ya duba, ya dubi Cleide, ya ajiye. Ya tambayi jikin Mama. Ya tambayi tumakin Gerry ɗaya bayan ɗaya kamar zai saya. Ya ce ko za mu sha shayi. Na ce muna sauri. Ya ce shi dai a ganinsa abincin Faransa ba ya karɓar cikin yaranmu, ƙanwar matarsa ta je ta dawo a kwance. Na yi dariya. Ya ce me zai hana in bari sai bayan Kirsimeti, ai Faransa ba gudu za ta yi ba. Na ce lokaci ya ƙure. Sai ya buɗe aljihun tebur ya daɗe yana lalube, ya ce kash, tawadar hatiminsa ta bushe, kuma sai an aiko daga hedikwata, ƙila wata guda, ƙila biyu. Ya ƙara da cewa, Nuala, akwai takardun da suka fi samun lafiya in an bar su a aljihun tebur. Ka san abin da ƙanwarka mai ilimi ta yi? Na buɗe jakata na fito da tawadar da nake buga wa yara tauraro a littafi, na ajiye masa, na ce ga ta, malamin makaranta ba ya rabuwa da kayan aiki. Har ina jin daɗin kaina. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya buga, ya sa hannu, ko rakiyar bakin ƙofa bai yi mana ba.

A Disamba amsa ta zo. Suka ce a aiko da shaidar cewa uwar ta yi shekara uku da izinin zama kafin a haifi yarinyar. Shekara ɗaya da rabi ta yi. A nan ne na tuna da ƙuri'ar raba gardamar nan ta 2004, wadda ta ce daga ranar ɗaya ga Janairun 2005 haihuwa a ƙasar nan kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa. Ka tuna ka kira ni a lokacin ka tambaye ni me ake ciki, na ce maka ba wani abu ba ne, gyaran doka ne kawai saboda matan da ake cewa suna sauka daga jirgi da tsohon ciki. Na jefa ƙuri'ar amincewa, Yaya. Da hannuna. Mama ce kaɗai a gidan nan ta ce a'a, ita ma don ba ta taɓa yarda da duk abin da gwamnati ta roƙe ta ba. Ban taɓa haɗa waccan ƙuri'a da yarinyar da ke zaune a layi na biyu kusa da taga ba. Da ta zo ranar da likita ya faɗa, ko da a daren ƙarshe na Disamba ne, da 'yar ƙasa ce kamar ni, da uwarta ma ta samu izinin zama ta dalilinta kamar yadda wasu suka samu. Kwana huɗu.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Cleide ta roƙe ni a kicin, hannunta da kumfar sabulu, ta ce Malama a bar shi haka, Faransa ba dole ba ce. Ni kuwa na ga zalunci ne, kuma duk rayuwata na yi imani cewa in ka rubuta gaskiya da kyakkyawan Turanci, ka aika wa wanda ya dace, za a gyara. Abin da nake koya wa yara ke nan. Cikin Janairu na zauna na rubuta shafi uku zuwa ofishin da ke kula da baƙi a Dublin. Na faɗi ranar da ta zo, ranar da izininta ya ƙare, inda take zaune, irin kirkinta, har kofin da Orla ta ciyo mana a gasar kiɗa. Na karanta mata, ta saurara idonta a ƙasa, ta sake sa hannu. Duk abin da suka yi shekara goma ba su sani ba, ni na jera musu shi a tsare, da lambar gida.

Ranar Talatar da ta wuce ambulan biyu suka zo musu ta rajista, ɗaya da sunan Cleide, ɗaya da sunan Orla ita kanta. Da yake yarinyar ta fi uwar karatun Turanci, ita ta buɗe, ita ta karanta, ita ta fassara wa uwarta. An ce ana da niyyar fitar da su daga ƙasar. An ba su zaɓi uku, ko su tafi da kansu, ko su yarda a fitar da su, ko su rubuto dalilin da zai sa a bar su, cikin kwanakin aiki goma sha biyar. Huɗu sun riga sun tafi. Gobe hutu ne, saura goma sha ɗaya, ranar Talata sha shida ga Mayu wa'adin zai cika. Orla ba ta taɓa taka Brazil ba. Abin da ta sani na can bai wuce muryar wata gwaggo a waya ba, wadda ke yi mata dariya in ta yi yarensu.

Mun samu lauya a Athlone, mace ce mai kaifin baki. Da ta karanta wasiƙata sai ta cire tabarau ta ce da duk malamai na rubutu haka, da jami'an can ba su da sauran aikin bincike. Na haɗiye, don na cancanta. Ta ce a doka ba mu da abin kamawa, sai dai jinƙai, shi kuma jinƙai a irin wannan wuri yana zuwa ne in an ga gari guda ya miƙe tsaye ya ce yarinyar nan tamu ce. Tana son wasiƙu, da sa hannun mutane, da maganar a jarida, da ɗan majalisarmu ya ɗaga waya. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce ta ga wanda bai kai wannan ƙarfi ba ya ci, ta ga wanda ya fi shi ya faɗi.

Garin ya canja, Yaya, ko kuma ni ce na fara ganinsa. Ranar Alhamis kujeru uku babu kowa a ajina, duk 'ya'yan mutanen Brazil ne, iyayen sun ce mura. Wani gidan ma an ce labule a sake yake tun Laraba, ba a san inda suka yi ba. Matan da a da ke tare ni a kanti su cusa mini burodin cuku a jaka, yanzu in sun hango ni sai su tsallaka titi. Shekaranjiya wata baƙuwar mota ta tsaya gaban coci, mutum biyu a ciki, kafin awa guda babu yaro ko ɗaya a filin wasa. Ashe masu tallar tagogi ne. Cleide kuwa ba ta fasa zuwa ba. Ƙarfe takwas tana nan, ta ɗora ruwa, ta yi wa Mama wanka, ta ce mini ina kwana Malama kamar kullum. Da za ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na dai ji a bakin Mama cewa tana tunanin su hau bas su tsallaka Ireland ta Arewa wurin wata 'yar'uwarta su ɓace. Lauya ta ce in suka yi haka magana ta ƙare, za a yanke hukunci ba su nan, kuma yarinyar za ta girma tana waiwaye. Da ƙyar Cleide ta yarda za ta jira zuwa sha shida ga wata. Ban san ko za ta iya ba. Na ga sabbin jakunkuna biyu a bayan ƙofarta.

Yau bayan addu'ar safe na kafa tebur a ƙofar coci da takardar sa hannu. Fada, limamin cocin, ya sanar, ya fara sa nasa. Mutum kusan ɗari uku suka fito ta gabana, arba'in da ɗaya suka sa hannu. Sauran kowa ya kama hannuna ya ce abin tausayi, wannan ya manta tabarau, wancan zai dawo in ya kai tsohuwa gida. Na gane wasunsu tsoro suke ji, don Cleide ta yi aiki a gidajensu, kada sunansu ya shiga wata takarda. Wasu kuma haushina suke ji, suna ganin na tona abin da aka daɗe da rufewa, in ɗauki kayana ni kaɗai. Sai ga Mossie Hanley, da cikinsa da sabuwar hularsa, ya tsaya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shi ba ya ƙin yarinyar, amma doka doka ce, mu muka jefa ƙuri'a, in aka buɗe wa ɗaya gobe jirgi guda za a sauke mana. Yaya, maganar ta zo mini har bakin haƙori. Na so in tambaye shi a kan tabarmar wa ya kwana shekara biyu a unguwar Dorchester ta Boston, da sunan wane mamaci yake aiki a wurin gini. Na fasa, don in na buɗe nasa na buɗe naka, kuma naka ba nawa ba ne.

Na dawo gida na kasa cin abinci. Na ajiye takardar haihuwarka da ta Orla gefe da gefe a kan tebur, don na karɓo wa lauya ta Orla a ranar da na karɓo taka. Takarda iri ɗaya, tambari iri ɗaya, sunan asibiti ɗaya. Ɗaya za ta haye teku ta ba jaririyar da ba ta taɓa shaƙar iskar nan ba ƙasa ta biyu. Ɗaya kuwa ba ta iya riƙe mai ita a garin da aka binne ubanta. Ba ina ƙyashin Maeve ba ne, Allah ya sani. Na dai kasa ɗauke ido.

Mama tana kujerarta, na zaci barci take. Sai ta ce in daina huci kamar saniya, in gaya mata mutum nawa suka sa hannu. Na faɗa. Ta ce ba ta yi mamaki ba, ilimina ne ya yi yawa har ya toshe mini kunne. Ta ce duk garin nan, daga mai kawo wasiƙa har karen Fada, kowa ya san Cleide ba ta da takarda, kowa ya kama bakinsa shekara goma, sai 'yarta mai digiri. Ta ce Malachy ya yi mini magana da yaren da aka haife ni a cikinsa, na amsa masa da tawadar tauraro. Sannan ta tambaye ni ko ina tsammanin akwai mutum ɗaya a Kilderry da ya taɓa yarda ka karye a ƙafa.

Ka gafarce ni, dole in taɓo wannan. Nuwamban 1989, da Baba ya rasu, kana da shekara uku a can ba takarda, in ka fito ba ka komawa, ga Noreen, ga Declan yana rarrafe. Mama ta tsaya a bakin akwatin gawa ta gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa cewa ka faɗo daga saman gini ka karye, likita ya hana ka hawa jirgi. Ni na ɗauki addu'ar jana'izar a kaset na aiko maka, kai ka san a inda ka saurare ta. Mutane suka yi ta aiko maka da katin sannu da jiki. Da ka samu takarda ka zo gida a 1993, Mama ta sa ka ɗingisa tun daga ƙofar coci har bencinmu, ka ma manta wace ƙafar ce a hanyar fita. Duk shekarun nan ina zaton mun yi wayo. Yau Mama ta ce babu wanda bai sani ba. Rabin waɗanda suka aiko da katin, nasu 'ya'yan ma suna can a ɓoye, wannan an ce jarabawa ta hana shi zuwa biki, waccan an ce tsoron jirgi take. Kowa ya karɓi ƙaryar kowa hannu biyu, don kada wani ya sunkuyar da kai. Irin wannan rufin asirin ne aka yi wa Cleide, irin wanda aka yi mana. Ni da na girma a ƙarƙashinsa ban gane shi ba da na gan shi a kan wata.

Na kuma tuna ranar da aka haifi Declan. Ka kira gidan su Cuddy daga wayar kan titi, don mu ba mu da waya a lokacin, aka aiko a guje aka kira mu. Kana dariya kana kuka, kana cewa an haifa mana Ba'amurke, babu wanda ya tambaye ka ko da guntuwar takarda, yaron nan ba mai iya korarsa. Ka ce ranar ce ka fara barci har gari ya waye tun da ka sauka a ƙasar. Wannan barcin ne Cleide ba ta taɓa yi ba, kuma ina cikin waɗanda suka hana ta.

To ga saƙon Mama, na rubuta shi yadda ta faɗa. Ta ce in gaya wa Fintan ƙafarsa ta warke. Ta ce ita ta ɗaure ta, ita ta kwance, kuma ba ta son ta je gaban Ubangiji da hannun Cleide a jikinta da wannan ƙarya a bakinta.

Abin da nake roƙo ke nan. Ka rubuta shafi ɗaya da hannunka, da sunanka, ka faɗi shekara bakwai ɗin nan yadda suke, da jana'izar da ba ka zo ba, da abin da haihuwar Declan a can ta zame muku. Lauya za ta sa kwafi ɗaya a fayil, ɗaya zan kai wa jaridar gunduma, kuma zan karanta shi a taron da muka kira a zauren coci ranar Laraba goma ga Mayu. Kai ne shugaban ƙungiyar 'yan Roscommon a Boston, hotonka yana rataye a kulob ɗin ƙwallo, duk yaron garin nan da ya sauka can a gidanka yake fara cin abinci. In kai ka faɗa da bakinka, ba wanda zai sake manta tabaransa, kuma Mossie zai nemi inda zai sa hularsa. Sannan ka kira ɗan majalisar nan namu, wanda ke zuwa teburinku a bikin 'yan Ireland kowane Maris ya ci nama ya yi jawabi mai sa kuka a kan 'ya'yanmu marasa takarda a Amurka. Ka gaya masa akwai guda a mazaɓarsa, tafiyar minti goma daga ofishinsa.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Na san Declan ma labarin ƙafar ya sani, kuma surukansa mutane ne masu ra'ayi a kan irin wannan magana. Na san yadda iska ke kaɗawa a can bana. Ka tambayi lauyanka tukuna ko akwai abin da zai taɓa ka, ka yi shawara da Noreen, don labarinta ne ita ma. In ka ce ba za ka iya ba, ba zan sake tayar da zancen ba, kuma kana nan Yayana. Ni na yi ɓarnar, ba kai ba. Amma in za ka yi, kada ka jira gidan waya. Ka ba Declan ya ɗauki hoton shafin ya turo mini, asalin ya biyo baya. Lauya tana son komai a hannunta ranar Juma'a sha biyu ga wata.

Shekaranjiya bayan an tashi, Orla ta tsaya sai da kowa ya fita. Ta ajiye mini sarewar makaranta a kan tebur, ta wanke ta, ta naɗe cikin safa mai tsabta. Ta ce kayan makaranta ne, ba ta so a buɗe jakarta a filin jirgi a ce ta yi sata. Na mayar mata, na ce ta je ta ci gaba da koyon waƙar Faransa, ban cire sunanta ba. Ta karɓa don kada ta ɓata mini rai. Da ta kai ƙofa sai ta juyo ta ce ta ƙirga a kalanda, kwana huɗu ne, da ta sani da ta yi sauri. Ni da ke da amsar kowace tambaya, na tsaya ina gyara alli.

Ka gaishe mini da Noreen da kyau, ka ce ina yi mata barka da zama kaka. Ka gaida Declan da matarsa Kristen, ka sumbaci Maeve a goshi a madadina. Ka gaida Gwaggo Peig in ka leƙa ta, da duk 'yan gida da ke can. Gerry yana gaishe ka, ya ce har yanzu yana jiran hular da ka yi masa alkawari. Mama ta sa maka albarka. Cleide ma, da ta ga ina neman ambulan, ta tambaya ko kai zan rubuta wa, ta ce in gaishe ka, ba ta san abin da ke ciki ba.

Jibi zan buɗe rajista in kira suna kamar kullum, kowane yaro ya amsa da anseo, wato ina nan a harshen Irish, yadda muka amsa wa Malam Devane ni da kai. Sunan gidan su Orla, Rezende, yana bayan na Regan. Da in na kira Rezende na ji shiru, sai in ja tsaki in sa mata alamar makara. Yanzu ba na sa komai. Ina tsayawa da biro a sama, yara ashirin da wani abu su yi tsit, dukanmu muna kallon ƙofa, ina ƙirgawa a zuci har sai na ji gudunta a baranda. Ranar Laraba na kai goma sha biyu. Ranar Juma'a sai da na kai arba'in.

Ka yi sauri, Yaya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Nuala